Gam ya riƙe bindigata a cikin ƙota, wa ya taɓa fita daga irin wannan?

Sabon Hannu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na dasa ginshiƙan alminiyom guda biyu, wato 'yan bututun da sukuru ke bi ta ciki, a ramukan sukuru na ƙotar bindigata Remington 700, na shimfiɗa gam na Devcon, na kwantar da ƙarfen bindigar a kai don ya samu gurbin zama daram. Yau da safe na kwance sukuru, ƙarfe ya ce bai san zancen ba. Na girgiza, na bubbuga, ko motsi. Na shafa wa ƙarfen man takalmi na Kiwi don kada gam ya kama shi kafin in kwantar, amma sau ɗaya kawai.

Tsohon Maharbi: Wa alaikumus salam. Ajiye gudumar nan tukuna, yaro. Ni ma na taɓa shiga wannan, garin gaggawa na tsaga ƙotar katako daga ramin sukurun baya. A karo na biyu sai na saka bindigar gaba ɗaya cikin firiza ta kwana. Sanyi yana sa ƙarfe ya ɗan tsuke ya saki gam. Da safe na mayar da sukurun gaba ba tare da na ɗaure ba, na ɗan doki kansa da gudumar roba, sai na ji "ƙas". Ka gaya mini, ka naɗe gaba da gefunan haƙorin nan mai tare dukan harbi da salatif?

Sabon Hannu: Wallahi Baba ban naɗe ba. Ramin kunama kaɗai na toshe da laka.

Tsohon Maharbi: To can matsalar take. Bayan haƙorin ne kawai ake so ya zauna daram a jikin gam. Idan ya fito, ka ɗan kankare gaba da ƙasan gurbin.

Mai Sassaƙa: Ni firiza ba ta yi mini ba, don gam ya kutsa cikin wani ɗan rami ya kulle kamar makulli. Dutsen guga na ɗora a kan ƙarfen har gam ya yi laushi, sannan na zare. Shimfiɗar ta lalace, dole na sake. Amma abin da ya fi ba ni wahala daban ne. Aiki ya yi kyau a ido, na je gwaji, harsasai suna watsewa fiye da da. Mako biyu ina zargin madubin saiti, ashe sukurun gaba ne ke gogar cikin ginshiƙi. Da na haska tocila sai ga zanen zarensa ya kwanta a jikin alminiyom, yana ƙyalli. Na faɗaɗa ramin kaɗan yadda sukuru zai wuce bai taɓa komai ba, shi ke nan ta dawo hayyacinta.

Injiniya: Nawa kuskuren, ɗaure sukuru na yi tamau tun gam yana ɗanye, sai ya bushe da ƙarfen a tanƙware. Ka ɗora yatsa tsakanin bututu da bakin ƙota, ka sassauta sukurun gaba. In ka ji bututu ya ɗaga, akwai matsi. Na karce saman gam da sanfefa, na goge da sinadarin asiton, na sake shafa siriri, wannan karon da robar naɗi kawai na riƙe.

Mai Sassaƙa: Ginshiƙin da ya yi tsawo kuma magagari ne maganinsa, kaɗan-kaɗan, kana gwada gidan harsashi.

Sabon Hannu: Alhamdu lillahi, firiza ta yi aiki! Ya fito a bugu na uku. Sai dai ga ramin kumfa kamar ƙwayar wake kusa da ginshiƙin baya. In cike ko in bari?

Injiniya: In ba a inda ƙarfe ke zama yake ba, bar shi. In kuwa nan ne, karce cikinsa ka cike, man takalmi kuma sau biyu.