Muhawara: Me ya sa aka gudu da shari'ar Amadou Diallo daga Bronx?

Baban Khadija: Jama'a, barci ya ƙi zuwa, na sake bin labarin Amadou Diallo, raina ya ɓaci. Ɗan uwanmu Bafulatani ɗan Gini, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka buɗe masa wuta a ƙofar gidansa a unguwar Bronx ta birnin New York, Amurka, ranar 4 ga Fabrairu 1999. Harsashi 41, 19 suka same shi, alhali walat kawai ya zaro. Sai kotu ta ce zanga-zanga da jaridu sun riga sun cika zukatan mutanen Bronx, a kai shari'ar Albany, babban birnin jihar New York. Can mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su tas. In ba rashin gaskiya ba, me ya kawo gudu?

Malam Na-Zariya: Gyara, Alhaji. A Laberiya aka haife shi.

Baban Khadija: Iyayensa 'yan Gini ne, a Gini aka binne shi. Akuya in ta haihu a masallaci, ɗan ya zama liman?

Malam Na-Zariya: Wa kake kira akuya?

Hajiya Mai Atamfa: Ni "ɗan uwanmu" ɗin nan ce ta tsaya min. Da a Zamfara aka harbe Bafulatani, ku ɗin nan za ku ce ɗan uwa?

Jikan Ardo: Allah Ya biya ki, Hajiya. Sai an kashe mu a Amurka muke zama dangi.

Ɗalibin Lauya: Ku dawo kan magana don Allah. Wanda ake tuhuma ma yana da haƙƙin a samo masa mutanen da ba su yanke hukunci tun daga gida ba. Kuma cikin 12 ɗin nan na Albany, huɗu mata ne baƙaƙe. A 2021 alƙali ya ƙi ɗauke shari'ar Derek Chauvin, ɗan sandan da aka tuhuma da kashe George Floyd, daga birnin Minneapolis, sai dai ya sallami biyu daga waɗanda aka zaɓa, da suka ce labarin diyyar dala miliyan 27 ga iyalan George Floyd ya taɓa su.

Baban Khadija: Ka gani? Ba a ɗauke ba, aka ɗaure shi!

Ɗan Zangon Kumasi: Mu nan Gana mutum bakwai ake zaɓa a shari'ar kisa. Ku Najeriya alƙali ɗaya ya gama da mutum.

Jikan Ardo: Ku fara gyara jollof ɗinku tukuna.

Malam Na-Zariya: Har yanzu ina jiran a janye akuya.

Shugaban Zaure: To, an rufe. Abin da aka cimma: Baban Khadija, wanda na sani tun muna firamare, ya kawo hujja da adadi. Ɗalibin Lauya ya kare 'yan sanda, Allah Ya shirye shi. Malam Na-Zariya ya bar zauren da kansa, ba ni na cire shi ba.