Tsakuwar da nake fasawa tana fitowa fale-fale, magina sun ƙi karɓa

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fili da katon dutse a ciki, yayana ya dage a sayar wa kamfani ni kuma na ce mu fasa da kanmu, rigima har sai da kawu ya shiga tsakani, ƙarshe shi ya ɗauki gona ni na riƙe dutsen. Na sayi injin niƙa dutse na hannu, irin mai muƙamuƙi. Wuta muke hurawa a kan dutsen ya tsage sannan a bi da guduma. To tsakuwar fale-fale take fitowa, ga gari da yawa, magina suna dawo min da ita. Don Allah ya zan yi?

Injiniya: Ɗan uwa injinka fasan farko kawai yake yi, matse dutse yake shi ya sa yake fitar da fale-fale. Dole a bi da inji na biyu mai bugawa, sannan rariya mai hawa-hawa ta raba tsakuwa mai rabin inci da mai 3/4 na inci da gari. Fale-falen tsakuwa ba ta zama a kankare, gurbi take bari ta ci siminti. Kuma saman dutse kake ci, wanda ruwa da rana suka riga suka ruɓar. Ka nemi masu lasisi su huda ramuka su sa nakiya, magana ta ƙare.

Maman Yara: Ni ƙurar ce ta dame ni. Maigidana ya daɗe a wajen fasa dutse, ba takunkumi ba watsa ruwa, yanzu silikosis, ciwon da ƙurar dutse ke kawowa, ya kama huhunsa kuma likita ya ce ba ya warkewa. Masu wajen ko leƙo shi ba su yi ba.

Mai Tayil: Kar ka sa nakiya malam! In giranit ne mai kyau, da waya mai lu'ulu'u ake yanka shi manyan gunduwa, a tsaga allo-allo a goge. Nakiya tana sa tsaga a ciki, ya tashi daga aiki.

Injiniya: Wanda bai iya sayen rariya ba shi zai sayi injin waya? Ku bar ruɗa shi.

Mai tambaya: Hajiya Allah ya ba shi lafiya. Injiniya injina lafiyarsa ƙalau fa, wanda ya sayar min ya rantse shi kaɗai ya ishe shi aiki. Wutar kuma haka muka ga ana yi.

Mai Tayil: Wane irin dutse ne ma tukun? Ka taɓa kai samfur an gwada ƙarfinsa?

Mai tambaya: Dutse ne dai mai ƙarfi sosai. Yanzu in na matse bakin injin ba zai gyaru ba?

Injiniya: Garin ne zai ƙaru.