Wai da gaske ana yin takarda da karan masara?

Ɗan Samaru: Salam 'yan uwa, ina da tambaya. Duk kaka wajen Shika da Giwa za ka ga an tara kara an banka masa wuta, hayaƙi har kan titi, wai da gaske ana iya takarda da shi ko labari ne?

Maman Ilham: Gaskiya ne ƙanena. Yayyanka shi ake yi ƙanana, a dafa da soda har ya yi laushi, a wanke a niƙa ya zama kamar kunu, sai a ɗebo da rariya a shanya, in ya bushe takarda kenan. A Indiya ma da tukar rake manyan kamfanoni ke yi, kuma ga rake nan jibge a Makarfi.

Bazazzage: Hajiya kin manta da dabbobi fa, karan dawa ai abincin shanu ne da rani, ga danni ga girki, waye zai bayar kyauta? Sannan aikin na cin ruwa da wuta sosai.

Maman Ilham: Haka ne malam, ai wanda ake ƙonawa nake nufi.