Taurin bututun kabon ya ƙi fitowa daidai, ina neman taimako

Assalamu alaikum 'yan uwa masu binciken nano, don Allah ku agaza, sati uku ke nan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Bututuna na kabon, wato 'yan mitsi-mitsin bututun da ido ba ya iya gani, suna da ƙwayar ƙarfe a baki, sai nake jan bakin da maganaɗisun neodimiyum mai ƙarfin gaske in auna lanƙwasawarsu. Taurin da aka sani wajen terafaskal 1 ne (terafaskal ma'auni ne da ake auna tauri da shi), amma wanda na auna ko kashi goma cikin ɗari na hakan bai kai ba. Da na duba su a madubin lantarki mai ƙara girman ƙananan abubuwa, sun cukurkuɗe kamar gashin da ba a taje ba. Zamewar da suke yi a jikin juna ce ke ɓata lissafin, ko ƙarfin jan ne na auna ba daidai ba? Kuma ta yaya zan raba su, asid bai cinye ƙarfen ba?