Shawarwarin da na tsinta kan tallan talabijin da na waya

Ranar Asabar na zauna da wasu malaman aikin jarida da ɗalibansu, ana muhawara kan yadda talla ta baro akwatin talabijin ta shigo wayoyinmu. Maganar wata malama ce ta fi tsaya mini a rai. Ta ce a tasha irin ARTV ko Arewa24 mai kallo ya san lokacin da aka tafi talla, amma a TikTok sai budurwa ta ɗaga kwalbar man bilicin tana hira kamar ƙawarka, ba za ta ce an biya ta ba. Shawararta ita ce duk wanda aka biya ya faɗa da bakinsa tun farkon bidiyo.

Wani malami ya tuna mana cewa dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, a madadin tsohuwar hukumar APCON ta haɗa har da tallan intanet. Ya roƙi ɗalibai kada su karanta tallan magani sai sun ga lambar NAFDAC a jikinsa, ko da kuɗin na da tsoka.

An taɓo batun yara, aka ce iyaye su riƙa kallo tare da su. Ni kuwa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganin da ake cewa yana warkar da basir, sanyi da hawan jini a kwalba ɗaya. Goggona ta ajiye ƙwayoyin asibitinta wata biyu saboda irinsa, sai da ƙafafunta suka kumbura.