Fili ko tiyar hatsi: me ya kamata a ba baƙon da ya gudo?

Malam Sani: Jama'a, ni dai ra'ayina bai canza ba. Gwamnatin da ke son taimakon baƙi ta ba su fili da izinin neman na kansu, a daina tara mutane a sansani ana auna musu gero. Yuganda ta yi doka a 2006 da ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, har ɗan fili ake yanka masa ya yi shuka.

Hajiya Rabi: Malam, ina filin yake? Zo karkarar Maraɗi ka ga gonar gado da 'yan'uwa takwas suka raba, kowa da ɗan zirinsa. Wa zai ba da tasa?

Malam Sani: Hajiya, ai a Maraɗin aka gwada. Da 'yan bindiga suka koro mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, an kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Famfo da aji da ɗakin shan magani, ɗan gari da baƙo tare suke amfana.

Hajiya Rabi: Wannan na yarda, kuma shi ya hana ƙyashi. Amma kafin motar hukuma ta iso, wa ya ciyar da su? A ƙauyenmu matar da ba ta da kwano biyu ta sauki mutum tara, ta buɗe rumbunta tun damina ba ta faɗi ba. Ita wa ya mayar mata?

Isuhu: Ku yi haƙuri iyayena in sa baki. Ko a Yugandan, da kuɗin tallafi ya ja baya an rage wa mutane abinci, kuma ɗan filin nan ba ya riƙe gida shekara.

Malam Sani: Gaskiya ne, Isuhu. Amma mai izinin aiki yana iya kasa tumatir a kasuwa ko ya yi ƙwadago. Wanda aka hana fita sai jiran ranar rabo.

Alhaji Bala: Ku bar batun gero, takarda ce gaba da komai. Mu a Kumasi iyayenmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia, firaministan Ghana, ta ba baƙi marasa takardar izinin zama mako biyu su fice. Masu gida da rumfa a kasuwa sun tafi sun bar su.

Hajiya Rabi: To a ba su takardar, Alhaji. Amma a rubuta sunan mai masauki ma cikin masu karɓar rabo.

Malam Sani: Wannan kam ban musa ba. Filin ne har yanzu ba mu daidaita ba.