Musayar Baitoci Kan Koci Eddie Robinson

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau Eddie Robinson za mu taɓa, kocin ƙwallon Amurka (mai kwalkwalin nan, ba tamaula ba) na Grambling, jami'ar baƙaƙen fata a jihar Luwiziyana. Amsa-amonmu "wa" ne.

A 1941 ya kama aikin horarwa,
Sai 1997 ya yarda da hutawa,
Wasa 408 ya ci, ba mai musantawa,
165 ya sha kashi, ba na ɓoyewa,
15 canjaras, ga lissafin ku yi dubawa.

Ɗan Tsangaya:
Malam, daɗewa ce ke sa tulin taruwa,
Kawo koci Rockne na jami'ar Notre Dame mu yi gwadawa,
Kaka 13 kacal, 105 ya yi lashewa,
Sau 12 tak ya ɗanɗani faɗuwa,
Haɗarin jirgin 1931 ne ya yi katsewa.

'Yar Baba:
Haba Yaya, mai doki da ɗan ƙasa kake haɗawa!
Robinson da hannunsa layin fili yake zanawa,
Shi ke haɗa guzurin burodi, a mota ake rabawa,
Don gidajen abincin Kudu baƙar fata suke korewa,
An tashi wasa, ya rubuta labari ya kai a yi bugawa,
A 1942 wasa 9 ya buga, duka ya yi cinyewa,
Ko maki guda abokan karawa ba su yi samowa.

Ɗan Tsangaya:
Ƙanwata na ji, wannan kam abin jinjinawa,
Sai dai ƙarshen rawar ya zo da gurguncewa,
1996 da 1997, ki je ki yi ƙirgawa,
Uku-uku ya ci, takwas-takwas yana zubewa.

'Yar Baba:
Tsoho mai shekara 78 kake wa zungurawa?
Kai ma Allah ya kai ka, mu ga irin takawa!

Mai Alƙalami:
Ku sassauta, ga wata rana ta tunawa,
Oktoban 1985, a Dallas aka yi karawa,
Ya doke jami'ar Prairie View, nasara 324 ta yi cikawa,
323 ɗin koci Bear Bryant na Alabama ya yi tsallakewa.
Yaran Robinson sama da 200 NFL, gasar ƙwararru, ta yi ɗaukewa,
Doug Williams na ciki, mai jifa ba kuskurewa,
Gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshen NFL, na 1988, duniya na kallowa,
Shi ya dawo Grambling, kujerar malaminsa ya yi hayewa.

'Yar Baba:
Malam, "kallowa" fa? Wannan ka matse ta ne don ta shiga layi.

Mai Alƙalami:
Na amsa laifina, 'yata. A yi haƙuri da tsoho.

Ɗan Tsangaya:
Tunda yawa kuke so, ga wani na kawowa,
Koci John Gagliardi a 2003 ya yi wa Robinson wucewa,
489 ya tara kafin ya yi ajiyewa,
Ƙanwata, alƙalami na hannunki, ina saurarawa.